Sabon Akwatin Kawu Ioelu

Tun ina yarinya Kawu Ioelu ke kaɗa wa cocinmu bes, jitar nan mai tsirkiya huɗu da kaurin murya, kuma ban taɓa ganin ya kaɗa a tsaye ko a kan kujera ba. A kan amfilifayarsa yake zama, wato akwatin da ke ƙara wa jitar murya. Wani ƙaton baƙin akwati ne da sai ƙarti biyu sun kama yake ɗaguwa, iskar teku ta cinye kusurwoyinsa, kyankyasai sun yi jikoki a ciki. Kawu zai gyara farin zaninsa na Lahadi, ya haye, ya ɗora jita a cinya, ya lumshe ido. Mu dai mun ɗauka son jiki ne irin na tsofaffi.

Yayan mahaifiyata ne. Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin injin jirgin ruwan da ke jigila tsakanin tsibiran Savai'i da Upolu, ya dawo ƙauye da baƙin mai a ƙarƙashin farce da kuma ɗabi'ar gyaɗa kai. Ka ce masa gwazarsa ta yi kyau, ya gyaɗa kai. Ka ce masa aladun maƙwabta sun shiga gonar, nan ma ya gyaɗa kai. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya ce, Maselina, tana aikin jinya a ƙasar waje, a birnin Brisbane, kuma duk Lahadi tana kallon sujadarmu kai tsaye ta waya don kawai ta ga ubanta yana kiɗa.

Ita ce ta aiko da sabuwar amfilifaya. 'Yar mitsitsiya ce, da hannu ɗaya nake ɗaga ta, gabanta cike da maɓallai. Bayan sujada aka ɗora ta a kan tabarma, aka rataya mata furanni, dattijon da ke magana da yawun ƙauye ya yi jawabin da ya kusa sa abincin rana ya huce. A wurinmu idan sabon abu ya shigo ta gaban jama'a, ba a kulle tsohon a ɗaki, miƙa shi gaba ake yi. Nan take dattawa suka yanke a kai tsohon akwatin wani ƙaramin coci a bayan dutse, wanda guguwa ta lalata wa kayan kiɗa. Babu wanda ya tambayi Kawu, don tambayar ma zagi ce, kamar ana zaton zai yi rowa. Yana tsaye da furanni a wuya har motar da ta ɗauki tsohon akwatin ta sha kwana.

Ni ke kaɗa fiyano, ni kuma ke shirya mawaƙa. Ranar Alhamis da la'asar muka taru gwaji, sai ga Kawu yana shirin zama a kan sabon akwatin.

"Kai, Kawu, tsaya!" in ji Pouniu mai ganga, wanda bakinsa ba shi da linzami. "Wannan ba tsohon dokinka ba ne, jariri ne! Ka zauna a kai, sai dai mu kwashe shi da tsintsiya."

Aka yi dariya, aka jawo masa kujerar roba. Muka fara waƙa, a baiti na biyu ya kauce. Na ɗauka yatsa ne ya zame, muka sake, ya sake kaucewa. Ya murɗa wannan maɓalli, ya murɗa wancan. Can na ga ya zare takalmi a hankali ya ɗora tafin ƙafarsa a jikin akwatin. Abin kuwa yana zaune a kan siminti da 'yan ƙafafunsa na roba, ƙara yake fitarwa kamar tsawa amma jikinsa da ƙyar yake motsi. Kawu ya danna ƙafar sosai, fuskarsa ta yi wani iri.

A nan gabana ya faɗi. Mutumin nan ba ya ji. Injin jirgi ya daɗe da cinye masa kunne. Duk shekarun nan da ƙashin bayansa yake sauraron kiɗansa, tsohon akwatin yana girgiza shi yana gaya masa inda yake. Mu kuma mun ɗora kunnen nasa a mota mun aika bayan dutse, har da tafi.

Ya ɗauki akwatin ya tafi da shi gida. Duk sanda na wuce sai in hango shi zaune da tabarau, takardar bayanin da ta zo a cikin kwali a buɗe a gefensa. Ya gwada ɗora shi a kan katako. Ya gwada jingina shi da bayansa. Wata rana na ga ya rungume shi a ƙirji, jitar a kwance a cinya, yana taɓa tsirkiya ɗaya yana jira. Ban iya tsayawa na gaishe shi ba.

Ranar Lahadi abin ya ɓaci. Tsohon akwatin gurnani yake yi, ko an yi kuskure yakan shige cikin gurnanin. Wannan kuwa muryarsa tas, ba ya rufa wa kowa asiri. A waƙa ta uku Kawu ya kama wata hanya daban, ya bi ta da ƙarfinsa har ƙarshe, mata masu siririyar murya suka rikice, matar fasto ta sunkuyar da kai. Aka fito aka zauna cin abinci. Wa zai buɗe baki ya gaya wa dattijo ya yi kuskure? Da yamma Maselina ta kira ni tana ta murna, wai Baba ya yi kyau kusa da akwatinsa. Ashe 'yar wayar da ake ɗaukar sujada da ita ba ta kama muryar bes ko kaɗan.

Pouniu ne ya gano wani maɓalli da ke yanke sautin gaba ɗaya.

"Ki danna kawai, Sinalei," ya ce. "Ai ba zai ji ba. Shi ke nan, kowa ya huta."

Na zage shi tas, na ce ba shi da kunya. Lahadi na zuwa kuma ni ce na danna. Dama ba a wuce gaban babba a miƙe, sai an rusuna an nemi gafara. Na rusuna a gaban Kawu kamar 'yar kirki, yatsana ya yi abin da zai yi, na wuce. Har yau idan na tuna da ladabi na yi masa wannan abu, sai in ji na tsani kaina.

Lahadi huɗu yana kaɗa shiru. Yatsunsa na gudu, kansa na kaɗawa, waƙa tana tafiya daidai amma ba ta da gindi. Duk cocin an sani, duk cocin an yi gum.

A ta biyar matar fasto ta tsare ni a ƙofa da maganar furannin bagadi, ban iso ba sai da jama'a suka miƙe. Babu halin in wuce ta gabansa. Na zauna a fiyano. Kawu ya dube ni, ya ɗan jira. Da ya ga ban taso ba, sai ya sunkuya ya danna maɓallin da kansa. Wata 'yar fitila da ban taɓa lura da ita ba ta koma ja.

Ban san yadda na kai ƙarshen sujadar ba. Da aka watse na je na zauna a ƙasa a gabansa, yana naɗe wayar jita a gwiwar hannu.

"Kawu," na ɗaga murya, "tun yaushe ka sani?"

Ya kalli bakina.

"Shafi na tara na takardar akwatin," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa. "Kore yana magana, ja ya yi shiru. Kunnena ne ya mutu, Sinalei, idona na nan."

Na fara ba shi haƙuri, kuka ya sha kaina. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya nuna sandar da ake kafa waya a kai.

"Ki gaya wa mai ɗaukar nan ya daina nuna gaban akwatin. Maselina ma ta iya karatu."