Albarkar da Na Ce a Cinikin Wake

Shekarar da murmushin wata budurwa ya hana ni sukuni, diraktan lakol ya tara mu huɗu, zai sayi waken abincin ɗalibai. Ya ce wanda ya fi rage kuɗin tiya shi zai sayar. Da wakena zan haɗa sadakinta, ga mahaifinta cikinmu. Na rage, ya rage, yana kallona.

Dirakta ya ce, "Kai fa?"

Na ce, "Albarka," kamar a kasuwar Kornaka, ina jiran a ƙara mini. Sai ya soke sunana.

Tsohon ya sayar da faɗuwa, ya ce, "Yaro, ka iya wayo." Da shekara ta zagayo ya ba ni ɗiyarsa, kuma har yau ban gane wayon da ya gani ba.