Sunan 'Yar Fari

Shekara huɗu na yi ban kira sunan 'yata ba, kuma har yabona ake yi a kan haka. 'Yar fari ce. A wajenmu, nan bakin ruwa kusa da Wara, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Kunya ke nan, ni kuwa na iya ta har na wuce misali. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan", in zan kira ta sai in ce "ke". Surukata, uwar mijina, takan nuna ni ga sauran matan gidan ta ce su yi koyi, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Ita ma yarinyar ta sha nata yabon. Ba ta kallon idon kowa, aka ce ta gado kunyar uwarta. Ba ta shiga cikin yara, aka ce natsuwa ce. Ina bandar kifi a tsakar gida, tana gefe tana jera waɗanda suka huce, daga babba zuwa ƙarami, kawunansu duk suna kallon waje ɗaya. Wanda ya kuskura ya ɗauke guda, ranar unguwa za ta ji.

Da ta wuce shekara uku ba ta fara magana ba, sai bakunan da suka yi yabo suka juya. An lura in aka tayar da injin kwale-kwale takan toshe kunne ta durƙushe, in kuma ta ga ruwa sai ta tsaya tana karkaɗa hannuwa kamar mai shanya su. Aka fara cewa 'yar ruwa ce, wai mutanen ruwa sun yi mana musaya. An ba ta rubutu, an yi mata hayaƙi har idonta ya yi ja. Mijina masunci ne, ba mai yawan magana ba. Wata safiya yana gyaran raga ya ce in shirya, gobe za mu kai ta asibiti a Yauri.

Likitar mace ce, ba 'yar ƙasarmu ba, Hausarta ta koyo ce. Ta duba kunnen yarinyar ta ce lafiya lau. Ta zuba mata ido tana jera murafan kwalba a kan benci, sannan ta juyo gare ni.

"In kin kira sunanta, tana waigowa?"

Na sunkuyar da kai. Ta maimaita a hankali, ta ɗauka ban gane ba. Wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa 'yar wajenmu, ita ta cece ni.

"Likita, ɗiyar hwari ta. Ba ta kiran ta."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau guda."

Mijina ya ce kakarta na kiran ta, kuma ba ta waigowa. Likita ta yi ta tambayoyi, ta sa muka sake komawa sau biyu, kafin ta faɗa mana sunan abin: otizim. A rediyo nakan ji suna cewa galahanga, amma ba na son kalmar, don na sha jin ana zagi da ita. Ta ce ba aljanu ba ne, ba kuma ciwo ne da allura ke kashewa ba, haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarta: ƙara na yi mata yawa, canji na firgita ta, magana na zuwa mata a makare. Na tattaro ƙarfin hali na tambaye ta abin da ke cin raina, ko shiruna ne ya jawo mata. Ta ce a'a, ko kusa. Amma ta ce wanda ya fi kowa zama da ita shi zai riƙa zama gabanta kullum, ya kira sunanta, ya yi mata wasa, ya jira. Ba sai an faɗa mini ko wane ne wannan ba.

A ɗaki na fara, labule a sake, murya ƙasa-ƙasa kamar mai gulma. Ranar farko sunan ya yi mini nauyi a baki, na ji kamar na shiga kasuwa ba mayafi. Ba ta waigo ba. Mako ya wuce, wata ya wuce. Wata rana da hantsi na kira, ta ɗago ta kalli haɓata, ba idona ba, ta koma kan kifinta. Na yi murna, kuma ba wanda zan iya faɗa wa.

Sai dai da zarar mun fito tsakar gida nakan koma "ke". Tsoron bakin mutane ne, ba wani abu ba, kuma ina jin haushin kaina har yau. Yarinyar da ko tabarmarta aka sauya wa wuri sai ta rikice, ni na ba ta uwa biyu, ta ɗaki da ta waje.

Ranar sunan ɗan ƙanin mijina gida ya cika. Innata ma ta zo daga Shanga, ina zaune kusa da ita. Aka kunna lasifika, wata ta rangaɗa guɗa daidai kan yarinyar. Ta faɗi tana ihu, tana buga kai da ƙasa. Mata suka yi mata zobe, kowa na magana, wanda shi ne abin da ya fi komai tsananta mata. Na ji wata na cewa, "Mutanenta sun taho, a kawo garwashi!" A al'ada, nawa shi ne in zauna in sunkuyar da kai, kakarta ta ji da ita. Na zauna ɗin kuwa, har sai da na ga kaskon hayaƙi ya nufo ta.

Ban san sadda na ratsa su ba. Na durƙusa, na lulluɓe mu da mayafina ni da ita, na kira sunanta da ƙarfi, na sake kira, na sake. Na ɗauke ta muka fita bayan gida inda ba ƙara. Ina fita na ji wata ta ce, "Yau mun ga rashin ta-ido." Surukata ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba.

Washegari na raka Inna bakin ruwa za ta shiga jirgi. Ina ta jiran faɗa. Ni ma 'yar farinta ce, na girma na yi aure ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ban taɓa tambayar kaina ko abin ya dame ni ba.

"In kin kira ta, tana waigowa?" in ji ta, tana kallon ruwa.

"Wani lokaci, Inna."

"To ki yi ta kira. Wanda duk yac ce miki wani abu, ki ce ni nis sa ki."

Sai ta juyo ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba. Leɓenta ya motsa. Na tsaya cak, wallahi ina jiran in ji sunana. Mai jirgi ya ce a yi sauri.

"Miƙo min ƙullina," ta ce.

Na miƙa mata. Na tsaya har jirgin ya yi nisa, na yi kukana ya ishe ni, na wanke fuska a bakin ruwan. Daga ƙofar gida na fara ƙwala wa 'yata kira, surukata na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa.