Zakaran da ya yi cara a daji

Ni na rufe bakin kawuna. Ina da shekara goma na yi shi, da kalma biyu.

Jiya a kasuwar dabbobi ta Dakoro na ji muryarsa tana fita daga salular wani saurayi mai jan raƙumi, shi ya sa nake ba ku wannan labari. Ban saba faɗinsa ba.

Kawu ƙanen uwata ne, mawaƙi. A bakin rijiya ya fara. Rijiyar ƙauyenmu, yamma da Bader Goula, mai zurfi ce, sa ke jan guga da doguwar igiya, sai mai kora ya yi nisa har ba ya jin magana. Kawu ne ke tsaye a baki, in guga ya iso ya yi kira, mai kora ya juyo. Kiran nan ba irin na kowa ba ne. Daga ƙirji yake tasowa, ya karye a maƙogwaro, ya haye sama siriri kamar sarewa, ya faɗo, ya sake hayewa. Da rani, in iska ta kwanta, ana jinsa bayan tudu biyu. Shanun gari suka gane cewa wannan murya ruwa ce. Ko ina suke kiwo, suka ji, sai su ɗaga kai su kama hanya.

Daga baya ya ɗauki gurmi. Da damina ana kiransa gayya, yana bin bayan manoma yana waƙa, ƙasa jiƙe tana ƙamshi, kowa na jin kunyar a bar shi baya. Da kaka sai bukukuwa. Kowace waƙa da kiran rijiya yake rufe ta. Wata shekara wani ɗan kasuwa ya zo daga Maradi da rakoda, ya zauna a tsakar gidanmu ya ɗauki muryarsa a kaset. Ya ba shi riga da sukari. Kawu ya yi murna.

Ranin da ya biyo baya, ni ke bin garken gari. Rana ta take, na ji kiran. Ba daga wajen rijiya ya zo ba, daga arewa. Shanu suka ɗaga kai suka tafi. A tsakiyar kiran na ji zakara ya yi cara. Na yi mamaki kaɗan, don ba gida ko ɗaya a wannan daji. Amma zafi ya yi yawa, na ce tunda kawu ne ya kira, suna hannu mai kyau. Na kwanta ƙarƙashin aduwa, barci ya ɗauke ni.

Da la'asar ba saniya ko ɗaya a rijiya. Aka bi sawu, aka tarar ya haɗu da sawun raƙuma, ya ɓace a arewa. Dukiyar gari duka ke nan.

Aka taru a ƙofar maigari. Kawu ya ce shi tun safe yana yankan kaba, shi kaɗai. Maigari ya dube ni.

"Kai yaro, muryar wa ka ji?"

Na ce, "Ta kawu."

Kawu ya durƙusa daidai tsawona. "Ɗana, ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron ga bai saba ƙarya ba. Amma ni ban kira ba."

Wani dattijo ya ce, "To aljani ne ya ari maƙogwaronka?"

Zancen zakara yana bakina. Na haɗiye shi. Na ji tsoron in na ƙara magana a tambaye ni inda nake lokacin da shanu suka tafi.

Jandarma suka tafi da kawu Dakoro. Ya yi watanni, aka sake shi don ba shaida sai ta yaro. Ya dawo ya tarar an sa wani a bakin rijiya, mai buga gwangwani. Damina ta zo, ba wanda ya kira shi gayya. In ya wuce, mata su ja ƴaƴansu ciki. Ya rataye gurmin a rumbu, gara ta cinye. Ban ƙara jin ya ɗaga murya ba, ko a kan akuya.

Na girma, na shiga aikin loda shanu a mota. Wata rana ina teburin mai shayi, ya sa tsohon kaset. Kiran rijiya ya taso. Daidai wurin da ya karye, zakara ya yi cara. Na ajiye kofin, na nemi mota zuwa ƙauye.

Na sami kawu yana tufkar igiya. Na faɗa masa duka.

Ya ce, "Zakaran uwarka ne, ja. Tun ina tsare na gane da kaset aka kira shanun. Na faɗa, aka yi mini dariya." Ya ci gaba da tufka. Can ya ce, "Ranar nan ka ji zakaran?"

"Na ji."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Riƙe mini bakin igiyar ga."

Na riƙe. Ba mu sake zancen ba har yau.

Na je na faɗa wa gari. Maigari ya riga ya rasu, masu shanun rabi sun watse. Waɗanda suka rage suka ce Allah ya kiyaye gaba.

Yanzu rijiyar injin ke jan ruwanta, ba mai kira. Samari na tura wa juna waƙarsa, har da zakaran, ba su san ko ta wa ce ba. Kawu yana zauren gidana a nan Dakoro. Idonsa ya tafi. Yana tufkar igiya, ni ke kai masa ita kasuwa.