Tiyon da Ake Ganin Cikinsa

Shekarar da man dizal ya yi tsada, maƙwabcin rumfata a Kasuwar Ose Okwodu, mai injin markaɗen tattasai, ya wayi gari ya zama injiniya. Ya riƙa bin mata masu suyar kifi yana karɓar tsohon mansu don ya zuba wa injin a madadin dizal, ya tace da ɗankwali, ya naɗa bututu a jikin salansa, wato mafitar hayaƙin injin, don man ya yi zafi ya tsinke. Abin mamaki, injin ya tashi.

Saura tiyon dindindin da zai riƙa kai man cikin inji. Mai shagon kayan inji ya miƙo masa baƙi mai kauri, ya ce shi ke jure man girki mai zafi. Gogan ya ture shi, ya ɗauki farin nan na magina, wanda ake ganin cikinsa. Da ya dawo da shi na ce, "Malam, me ya sa?" Ya ce, "To in baƙi ne, wa zai ga man yana wucewa?"

Ashe 'yan kallo yake nema, ya kuwa same su. Duk wadda ta kawo markaɗe, sai ta kalli tiyo kafin a karɓi bokitinta.

Ba a daɗe ba tiyon ya yi laushi, ya kumbura kamar hanjin rago, wata ranar Asabar ya fashe. Baƙin mai ya wanke markaɗen wata baiwar Allah, ya gangaro har cikin albasata.

Da la'asar na gan shi ya dawo daga shago, fuska a ɗaure, wai man ne na jabu. A hannunsa sabon tiyo, fari fes.