Kai Na Huɗu a Allon Mai Aski

Samaru, biyar da rabi na asuba

Wata Asabar a hutun 2006 muka fito ni da Kawu Yohanna, ƙanin Mama, tun masu ƙosai ba su hura wuta ba. Kawu mai zane ne. Wani mai aski a Sabon Gari ya ba shi aikin allon talla: kawuna shida, kowanne da irin askinsa. Shi kuwa Kawu ba ya iya zana kai sai yana kallon mai shi. Biyar a teburin mai shayi ya samo su. Ɗayan ni ce, don makarantarmu tana sa mu yi aski ƙasa-ƙasa. Da ya zaunar da ni ya ce hoton ajiyewa ne. Ranar Juma'a na tsinci kaina lamba huɗu a tsakiyar maza, har da hujin kunnena.

"Kawu, 'yan ajinmu uku a Basawa suke. Kullum suna shiga Sabon Gari."

"Wa zai gane ki, Saratu? Ai na ƙara miki wuya."

Na lulluɓe allon da zanin gadon Mama, na ce zan raka shi.

Kwangila, shida da kwata

Bas naira talatin kowa. Direba ya ce allon ya cinye wurin mutum biyu, Kawu ya ce ai mutum shida ne, an yi masa sauƙi. Muka ɗora shi a cinya.

A shingen Kwangila ɗan sanda ya leƙo.

"Malam, me aka rufe haka?"

"Kawunan mutane ne, ofisa."

Wata mai kwandon tumatir ta matsa can jikin taga. Aka yaye zanin. Ɗan sandan ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, ya tsaya a lamba huɗu, ya dube ni. Na ja ɗankwalina har gira.

"Yayanki ne?"

Na gyaɗa kai.

"Ki gaishe shi. Yana da kunya, da gani."

PZ, bakwai saura minti goma

Shaguna ba su buɗe ba. Muka sha koko da ƙosai naira arba'in a gindin wata rumfa. Ƙosaina bakwai, biyu kawai suka wuce.

"Kawu, ka yi masa gashin baki."

"Mai zane ba ya taɓa aikin da ya sa wa hannu."

"To zan gaya wa Mama wanda ya goge burushi da mayafinta na coci."

Ya ajiye kofin. Ya ce in tare masa acaɓa.

Shagon Oga Emeka, bakwai da rabi

Acaɓa biyu muka hau, allon yana kaɗa Kawu kamar zai tashi sama. Oga Emeka mai askin, gajere mai cokali mai yatsu na taje gashi a aljihu, ya jingina allon a bango ya ja baya.

"Oga mai fenti, wannan lamba huɗu shi ne zai kawo kasuwa. Yaro mai hankali. Iyaye za su so shi."

Kawu ya dube ni, ya tuna mayafi, ya ciro ƙaramin burushi da gwangwanin baƙin fenti.

"Saura kaɗan, Oga. Bai balaga ba tukuna."

Minti huɗu ya yi. Gashin baki, ɗan gemu, layi biyu a goshi, ya toshe hujin kunnen. Muka ja baya mu uku. Ba ni ba ce kuma, na gode Allah. Amma Kawu ya dafe baki.

Babana ne. Baba sak, dattijon coci, da askin samari.

Oga Emeka ya ce wannan ya fi, manya ma za su zo. Ya biya, ya kafa allon a bakin titi da ƙusa huɗu.

Gida, goma da kwata

Muka tarar da Baba a ƙofar gida yana goge takalminsa na Lahadi.

"Sannunku da hanya. An karɓi aikin?"

"An karɓa, Yaya," in ji Kawu, yana kallon ƙasa.

"Madalla. Ka kwatanta mini shagon. Gobe bayan sujada zan kai dattawa mu ga aikin surukina."

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da direbanmu, da mai kokon PZ. Kawu kuwa ya tafi Kafanchan da la'asar, wai an kira shi aiki.