Goyon Ciki da Ƙananan Kifi

Ni 'yar masunta ce, a bakin kogi aka haife ni, can wajen Yawuri. Ban taɓa zama a aji ba, amma kifi kam, in na dubi idonsa na danna cikinsa da yatsa, na san ko yau ya bar ruwa ko shekaranjiya. A gidanmu ƙaramin kifi na yara ne da kyanwa. Wanda ake ganin girmansa, babba ake ajiye masa.

Da wannan tarbiyyar na zo Manchester, gidan ɗana likita a Levenshulme. Sai ga babbar 'yarsa, jikata da ke aure a Birmingham, ta samu cikin fari. Na kafe sai an kawo mini ita goyon ciki yadda aka saba. Uwar mijinta ta yi ta jan ƙafa, wai ita ma ta iya kula da mai ciki. Da ƙyar ta sake ta, ta ce za ta zo da kanta ta ga abin da ake ciyar da surukarta.

To, ni za a zo a duba?

Na hau bas na tafi wajen masu kifi a Cheetham Hill, na zaɓo babban kifin teku, yanka guda ya kai cinyar ƙato. Na shigo da shi gida ina haki ina murna. Jikata ta leƙa leda, ta ja da baya.

"Kaka, wannan ba zan ci ba."

"Warinsa ne? Ai ciki ne, zai wuce."

"Ba wari ba ne. A kan irinsa nake bincike a jami'a. Akwai guba a jikinsa."

Na ce, "Ke ja'ira, tun ubanki bai san hanyar bakinsa ba nake zaɓen kifi. Dubi naman nan!"

Ta zaunar da ni, ta ce lafiyarsa lau a ido, ba ta musa ba. Hayaƙin masana'antu ne ke sauka a teku da wata guba, ruwan sama mai ƙarfi kuma, da ya yawaita yanzu, yana wanko dattin gari ya zuba a gaɓa. Ƙaramin kifi ya ɗauki ɗan kaɗan. Babba ya haɗiye ƙanana shekara da shekaru, duk nasu ya taru a jikinsa, ba ya fita. Ga teku tana ƙara ɗumi, kifi kuwa in ruwa ya yi ɗumi cinsa ƙaruwa yake.

"Ke ba zai dame ki ba in jefi-jefi ne," in ji ta. "Na cikin nan ne, ƙwaƙwalwarsa yanzu ake haɗa ta."

Na ce, "Wato babban kifi tsohuwa ce, duk abin da ta kwasa a duniya yana cikinta."

"Ke kika faɗa, 'yar tsohuwa."

Na kai mata duka da mayafi, ta kauce tana dariya.

Na yarda da ita, don da ɗan cikinta ba a gardama. Amma da wane ido zan ajiye wa baƙuwar Birmingham sadin ɗin da jikata ta ce shi za ta ci, kifin da bai wuce tafin hannuna ba? Ta koma ta ce tsohuwar Manchester rowa gare ta, ta kwashe mini jika kafin haihuwa?

Ina yanka albasa dabara ta zo mini. Na sayo ƙananan nan cike da roba, na sulala su, na zauna na tsince ƙaya har wuyana ya ƙage. Na daka a turmi da attarugu da citta da kanumfari, maƙwabciyarmu Baturiya har ta ƙwanƙwasa bango. Na soya shi sama-sama ya yi warawara. Dambun kifi ke nan. Wa zai auna tsawon kifin da ya shiga turmi?

Baƙuwa ta zo da mayafinta mai tsada. Ta ɗanɗana da bakin cokali, sai ta ajiye cokalin ta sa hannu.

"Hajiya, wannan wane irin kifi ne?"

Jikata ta buɗe baki, na riga ta. Na ce, "Ƙanana ne, Hajiya, da gangan. Mai ciki ba a ba ta babban kifin teku yanzu. Teku ta yi ɗumi, ba ki ji ba?"

Na kwashe bayanin nan kaf na juye mata, har da hayaƙin masana'antu. Ta yi ta gyaɗa kai tana "Ikon Allah." Jikata ta ɓoye fuska a bayan matashi, kafaɗunta na rawa.

Da za ta tafi, baƙuwa ta ce yarinya ta zauna har ta gama wankan jego. Ta kuma nemi a zuba mata sauran dambun a roba.

Babban yankan kuwa farfesu na yi da shi, ni da ɗana muka raba. Yaron da aka haifa, ga shi yanzu yana rarrafe, ya riga ya gane inda ake ɓoye mukullin mota. Uwarsa ta ce bincikenta ne ya yi aiki. Ni na san wadda ta tsince ƙaya.