Hannun Mai Kifi

A layinsu Mai Kifi ake ce mata, kuma shekara goma sha tara ke nan sunan yana jawo mata baƙi. Duk wanda ya tare a unguwar, kafin sati ya zagayo sai ya ƙwanƙwasa ƙofarta da roba a hannu, yana tambaya ko akwai ɗanye. Da can takan tsaya ta yi bayani. Yanzu sai kawai ta ce ya ƙare, ta mayar da ƙofa.

Kifin nata ba a cin sa. Yana zaune ne cikin akwatunan gilashi a wuraren da mutane ke jira: zauren wani otal, ofishin wasu lauyoyi, da ɗakin jiran wani likitan haƙori. Ruwan da ke ciki ita take haɗa shi da wani gishiri na musamman, ta yi ta juyawa har kifin ya yarda a teku yake. Akwai kifaye kamar an yi musu fenti, akwai duwatsu, akwai kuma murjani, ba irin na ratayawa a wuya ba, mai rai, wanda yake buɗewa idan yana cikin nishaɗi, ya tsuke idan ransa ya ɓaci. Ita ke kankare gansakuka daga jikin gilashi, ta canza ruwa, ta wanke injin da ke juya shi, ta raba faɗa.

Ba a makaranta ta koyi aikin ba. Shara take yi a wurin likitan haƙorin, a lokacin wani dattijo ne ke zuwa kula da akwatin. Tana goge ƙasa tana satar kallonsa, har ranar da bayansa ya riƙe, ya ce ta zo ta ɗaga masa wani dutse. Abu ɗaya ya koya mata da baki, sauran duk da ido ta ɗauka: hannun da zai shiga ruwan nan ba ya shafa mai, ba ya taɓa sabulu, ba ya sa zobe. Ɗan maiƙon da ke tafin hannu ya isa ya kashe abin da aka yi shekaru ana reno. Tun daga ranar, kafin ta taɓa akwati sai ta zare zobe, ta naɗe hannun riga, ta wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla, sau uku.

Safar hannu kuwa ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Cewa take hannunta ne idonta. Tana tsoma shi ta san ruwa ya yi ɗumi ko ya huce, ta san inji ya fara kasala, tun kafin ma'auni ya farga. Kuma gaskiyarta ce, ba cika baki take ba. Sai dai hannun ya ji a jikinsa. Gishiri ya tsattsaga tsakanin yatsun, bayan hannun ya yi fari kamar an barbaɗa toka, ƙuraje ƙanana suka yi sansani har wuyan hannu. Ga ƙaiƙayi. Takan zauna a motar haya tana soshe-soshe, mutane su yi ta matsa mata wuri, abin da take cewa shi ne kaɗai ribar ciwon. Mijinta tela ne, kuma tuni ya hana ta taɓa yadin siliki na mutane, don hannun nata zare yake ja.

Wadda ta fi kowa laifi tana cikin akwatin likitan haƙori. Wata murjani ce mai laushi, mai rassa, wadda Mai Kifi ta rena tun tana kamar kan yatsa har ta kai girman kwano. Da an goge ta sai ta saki wani yauƙi mai cin fata. Mai Kifi ta sa mata suna Uwar Miji, wai don ba a taɓa ta a wanye lafiya, ba kuma a isa a fitar da ita daga gida ba. Duk da haka tana son ta. Idan ta iso da safe, ita take fara dubawa kafin ta gaida likitan.

Da haka rayuwa ke tafiya har Auta ta haihu. Auta ita ce 'yarta ta ƙarshe, kuma jaririyar ta yi gaggawar zuwa, ta zo 'yar mitsitsiya, sai da ta yi sati uku a asibiti cikin wani akwatin gilashi. Mai Kifi ta leƙa ta ce akwatin ba shi da laifi, amma wanda ya goge gilashin bai iya aiki ba.

Ranar da aka kawo su gida, ta wanke hannu, ta zauna bakin gado, ta miƙa hannuwa biyu. Auta ta dubi hannuwan. Ta dubi tsagar da ke gindin babban yatsa tana fitar da ruwa. Sai ta ƙara rungume 'yarta.

"Mama, don Allah ki yi haƙuri. Ba da wannan hannun ba."

"Da shi na rene ki."

"Lokacin ba haka yake ba, Mama. An ce kada abu mai gyambo ya taɓa ta."

Mai Kifi ta janye hannuwan ta ɗora a cinya. Abin ya sosa mata rai fiye da duk abin da Uwar Miji ta taɓa yi mata. Ga shi an yi wa mijin Auta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, saura kwana goma sha shida su tafi. Idan hannun bai warke ba kafin nan, jika za ta tafi kakarta ba ta ɗauke ta ba.

Washegari ta je wurin likitan fata, karo na farko a shekara goma sha tara. Ya juya hannun sama da ƙasa, ya tambayi sana'arta, ta faɗa, ya ce, "Au, sayar da kifi kike?" Ta ce eh, don ta huta. Ya ce ciwon ba ya yaɗuwa, amma tsagar ta kama ruwa. Ya rubuta mata man shafawa, safe da yamma, ya ce kada hannun ya ƙara shiga ruwan gishiri.

Ta fito tana dariyar takaici. An ba ta mai, ita da aikinta ya haramta mai. An hana ta ruwa, ita da akwatuna uku ke jiran ta. Idan ta shafa ta tsoma, kifi ya mutu. Idan ta bar zuwa, kifi ya mutu. Ba yadda ta iya, ta ratsa kanti ta sayi safar wanke-wanke, ta ɓoye a jaka kamar kayan sata.

Safar ta tsaya a wuyan hannu, akwatin kuwa zurfinsa har kafaɗa. Tana tsomawa ruwa ya kwarara ciki, hannun ya wuni yana jiƙa. Da ta kawo ƙara gida, tela ya gyara tabarau.

"Wannan ai aikina ne. Kawo nan."

Ya yanko ledar rigar ruwa, ya auna ta daga yatsa zuwa hammata, ya hau keke ya ɗinka wa safar dogon hannu. Ɗinki ya yi kyau, har da kalmasa. Sai da ta tsoma a akwatin lauyoyi suka gane cewa duk inda allura ta bi, ruwa ma ya san hanya.

"Maigida, ɗinkinka yana yoyo."

"Shekara arba'in ina ɗinki, ba a taɓa dawo mini da kaya don yana yoyo ba."

"To yau an fara."

Kwana huɗu suka tafi a haka. A rana ta biyar likitan haƙorin ya gan ta tana zazzage ruwa daga safa, ya ce ai akwai doguwa har kafaɗa, irin wadda likitocin dabbobi ke sawa idan saniya za ta haihu. Ya sa aka kawo mata. Ta shafa mai, ta zura hannu, ta tsoma. Ruwa bai shiga ba, amma ita ma ba ta jin komai. Ji ta yi kamar an ɗaure mata ido. Ta laluba za ta gyara dutse, sai ta ture Uwar Miji, reshe guda ya ɓalle ya faɗa kan yashi.

Ta tsaya tana kallo. Da a ce da hannu tsirara ne, da cikin minti ɗaya ta gyara komai. Har ta kama bakin safar za ta cire, sai ta tuna yadda Auta ta ƙara rungume 'yarta. Ta saki. Ta yi kusan awa guda tana fama da yatsun roba kafin ta maƙala reshen a jikin wani dutse. Uwar Miji ta tsuke, ta yi kwana shida ba ta buɗe ba, abin da Mai Kifi ta ce ba sabon hali ba ne a wurin masu wannan suna.

Hannun ya fara sauka. Ƙurajen suka bushe, farin ya ragu, tsagar ta rufe a hankali. Kullum da yamma takan tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon Auta na yi wa jaririya wanka, yarinyar tana tsala ihu tun daga tsomawa har cirewa. Mai Kifi ta san abin da ke damun ruwan tun daga inda take, amma ta kama bakinta.

Ana gobe tafiya, da hantsi, ta shigo ta shimfiɗa hannuwa a kan gado. Auta ta duba yatsa bayan yatsa, ta juya, ta sake dubawa. Akwai tabo, akwai sauran kaushi, amma babu gyambo.

"To, Mama. Ki yi mata wankan."

Mai Kifi ta zare zobe, ta naɗe hannun riga, ta wanke hannu har gwiwa da ruwa zalla, sau uku.

"Mama, wannan karon da sabulu."

Ta sake wankewa da sabulu. Ta tsoma hannu a robar wankan, ta ce a ƙaro na zafi rabin kofi. Aka ƙaro. Sannan ta karɓi jikarta. Ba ta tsoma ta kai tsaye ba. Yadda take yi wa sabon kifi ta yi mata: ta ɗebo ruwa a tafi ta zuba a ƙafa, ta jira, ta zuba mata a ciki, ta jira, sai da jikin ya saba sannan ta sauke ta a hankali. Yarinyar ta buɗe baki za ta yi ihun da ta saba, sai ta rasa dalili, ta rufe.

Tela yana bakin ƙofa yana cewa ai dama ya faɗa, ko da yake ba wanda ya tuna abin da ya faɗa. Auta tana share ido da gefen mayafi.

Can cikin ruwan, ɗan hannun ya laluba ya kama babban yatsan kakar, daidai kan tabon, ya riƙe gam. Mai Kifi ta tsaya cak. Shekara goma sha tara duk abin da ya kama mata yatsa a ruwa, zafi ne ke biyo baya, don haka ta jira shi. Ta jira har Auta ta ce, "Mama, ruwan zai huce."

"Na sani," in ji ta. "Bar mu tukuna."